Diyyar Rauni a Wurin Aiki: Haƙƙin Ma'aikaci da Barazanar Maigida

Idan inji ya datse wa lebura yatsu a wata masana'antar roba da ke Sharaɗa a Kano, ko birkila ya faɗo daga bene a wani gini a Abuja, abin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne. A garzaya da shi asibiti, kamfani ya biya kuɗin ɗinki da maganin kwanakin farko, a aiko masa da ɗan abin sayen lemo. Ranar da ya buɗe baki ya ambaci diyya kuwa, sai fuska ta sauya. Wani a ce masa ya yi haƙuri, ƙaddara ce. Wani a tuna masa cewa akwai mutum ɗari a bakin ƙofa suna jiran gurbinsa. Da yawa daga nan suke tsuke baki, domin sun ɗauka diyya alfarma ce da maigida ke yi daga aljihunsa in ya ga dama. A dokar Najeriya ta yau ba haka abin yake ba, kuma wannan rashin sani shi ne ƙafar da barazana ke tsayawa a kai.

Mece ce diyyar ma'aikaci?

Da an ce diyya, abin da ke fara zuwa kunnen Bahaushe shi ne diyyar rai ko ta gaɓa da alƙali ke yankewa a shari'ar Musulunci. Wadda ake magana a nan daban ce, ko da yake suna da dangantaka ta manufa. Kuɗi ne da kulawar asibiti da doka ta wajabta a bai wa wanda ya ji rauni, ko ya naƙasa, ko ya kamu da cuta ta dalilin aikinsa, ko a bai wa iyalinsa idan ya rasu.

Tsarin na inshora ne. Inshora kalmar aro ce daga Turanci, tana nufin a riƙa tara kuɗi kaɗan-kaɗan a asusu guda tun kafin masifa ta auku, wanda ta faɗa wa a ciro a ba shi. A nan masu ɗaukar ma'aikata ne ke zubawa, hukumar gwamnatin tarayya da aka sani da NSITF, wato asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, ita ke riƙe kuɗin kuma ita ke biya.

Kalma ta uku da ake yawan ruɗewa a kanta ita ce “ma'aikaci”. Mutane na zaton sai mai takardar ɗaukar aiki da katin shaida a wuya. Dokar ta faɗaɗa ma'anar sosai: duk wanda aka ɗauka aiki, a rubuce ko da baki, na dindindin ko na wucin gadi, ɗan koyo, leburan da ake biya kullum, har ɗan aikin gida matuƙar ba ɗan gidan ba ne. Ta haɗa ma'aikatan gwamnati na matakai uku da na kamfanoni da na ƙananan sana'o'i. Sojoji ne ta keɓe, ban da farar hula da ke aiki tare da su. Ba ta kuma yi irin togaciyar da dokar mafi ƙarancin albashi ta yi wa wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba.

Barazana kuwa ba sai an ɗaga murya ba. Duk wata dabara da za ta sa ma'aikaci ya ji cewa neman haƙƙinsa zai jawo masa asarar da ta fi haƙƙin, barazana ce.

Daga ina tsarin ya samo asali

Jamus ce ta fara, a 1884. Ingila ta yi tata dokar a 1897, daga can kuma Turawan mulkin mallaka suka kawo irinta Najeriya a farkon shekarun 1940. Kafin waɗannan dokoki, lebura ba ya samun komai sai ya je kotu ya tabbatar da sakacin maigida, abin da ba kasafai talaka ke iyawa ba. Sai aka yi musaya: ma'aikaci ya samu diyya ba tare da an tsaya binciken mai laifi ba, maigida kuma ya huta da shari'o'in da ba a san iyakarsu ba.

Dokar da Najeriya ta daɗe tana aiki da ita, ta 1987, ta ɗora biyan diyya kai-tsaye a kan maigida ko kamfanin inshorar da ya zaɓa. Ma'aikaci na neman kuɗi ke nan daga hannun wanda ke riƙe da abincinsa. A Disambar 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a sabuwar dokar diyyar ma'aikata, wadda ta soke waccan ta mayar da biyan hannun NSITF. Shekara goma sha wani abu ke nan, amma a bakin masana'antu har yau da tunanin tsohuwar doka ake magana.

Abin da dokar 2010 ta tanada

Maigida ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya duk wata. Haramun ne a doka ya cire ko kwabo daga albashin ma'aikaci don wannan, kuma yin hakan laifi ne mai hukuncin tara ko ɗauri.

Raunin da ake biya bai tsaya a cikin harabar kamfani ba. Ya haɗa da haɗarin hanya tsakanin gida da wurin aiki, muddin maigida ya san da wurin tun farko, da wanda ya faru a inda aka aiki mutum. Ya haɗa da cututtukan sana'a, irin ciwon ƙirji da ƙura ke jawo wa masu fasa dutse, ko ciwon fata da sinadarai ke jawo wa ma'aikatan kamfanonin jima na Challawa a Kano, da kurumtar da ƙarar inji ke haifarwa, har da taɓuwar hankali da ta samo asali daga wani mummunan abu da ya faru a bakin aiki. Wanda ya naƙasa gaba ɗaya ana biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Haka matar mamaci mai 'ya'ya biyu ko fiye da ta dogara da shi, kashi 90. Mai ɗa ɗaya, kashi 85. Akwai kuma kuɗin magani, da gaɓar roba, da koyar da sabuwar sana'a ga wanda ba zai iya komawa tsohuwar ba.

Sai wa'adi, wanda shi ne ya fi cin mutane. Ma'aikaci, ko iyalinsa, zai sanar da maigida cikin kwana 14. Maigida zai kai rahoto ga hukuma cikin kwana 7, idan rasuwa ce kuma nan take, kuma ƙin kai rahoton laifi ne. Takardar neman diyya za ta isa hukuma cikin shekara guda, sai dai in akwai uzuri na musamman, wanda zai iya kai wa'adin shekara uku. Wanda bai gamsu da hukuncin hukumar ba yana da kwana 180 ya nemi ta sake dubawa, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Yadda barazanar ke zuwa

Wadda kowa ya sani ita ce ta kora. Amma gogaggen manaja ba kasafai yake furta ta ba. Sai dai a sauya wa mutum wurin aiki zuwa inda hannunsa mai ciwo ba zai iya ba, ko a cire shi daga jerin masu ƙarin lokaci, ko a fara rubuta masa takardar tuhuma kan makarar minti biyar da a da ba a kulawa da ita. Bayan wata biyu a sallame shi da hujjar rashin ƙwazo, babu inda aka ambaci rauni. Ga leburan wucin gadi ma ba a bukatar wannan wahala: maigadi kawai za a gaya wa kada ya bar shi ya shigo gobe.

Ta biyu ita ce ɗora laifi. “Kai ka sa hannunka a inji, wa ya aike ka?” Wannan magana tana karya gwiwa ƙwarai, domin sau da yawa akwai gaskiya a cikinta: mutum ya gaji, ya yi gyangyaɗi a aikin dare, ko ya cire safar hannu saboda zafi. Sai dai ginshiƙin dokar shi ne ba a tambayar wa ya yi kuskure. Tambayar ita ce ko raunin ya faru ta dalilin aiki ko a cikinsa. Batun laifi ma in an bi shi sau da yawa kan maigida yake komawa, tunda dokar masana'antu ta 1987 ta wajabta a killace sassan inji masu haɗari.

Ta uku ta fi laushi, ta kuma fi tasiri: takardar yafiya. A kira mutum ofis yana ɗaure da bandeji, a ajiye masa kuɗi a ambulan, a ce ya sa hannu ko ya dangwala cewa ya karɓi haƙƙinsa duka, ba shi da sauran magana. Ga wanda kuɗin haya ke jira kuma buhun masara ya ƙare, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Sashe na 13 na dokar diyyar ma'aikata ya yi maganin wannan kai-tsaye. Duk wata yarjejeniya tsakanin ma'aikaci da maigida ta sarayar da diyya ɓatacciya ce, ba ta da ƙarfi a doka, ko da wace siga aka rubuta ta. Wanda ya riga ya dangwala bai rufe wa kansa ƙofa ba.

Ta huɗu ita ce jan rai. “Muna kan magana da manya.” “Oga ya yi tafiya.” “Bari a gama lissafin ƙarshen shekara.” Ba a ce a'a ba, ba a kuma ce e ba, har shekara ta zagayo. A ganina wannan ce mafi muni, domin wanda ake yi wa ita bai ma san ana yi masa ba. Yana ganin ana mutunta shi ne, alhali wa'adinsa ake ci.

Akwai kuma wadda ke biyowa ta hannun na gida. A ƙasar Hausa ba kasafai mutum ke samun aikin masana'anta haka kawai ba. Wani ne ya yi masa hanya, kawu ko maƙwabci ko foman ɗan unguwarsu. Idan ya tayar da maganar diyya, wannan mutumin ake kira a ce ya ja wa yaronsa kunne. Sai ya zama ba da kamfani yake rigima ba, da wanda ya yi masa rana yake yi. Abokan aiki da suka ga abin da ya faru su ma sun san cewa shaidarsu na iya cin aikinsu, sai kowa ya ce bai gani ba.

Wanda ke ganin an yi ƙari a wannan bayani ya tuna Yunin 2020, lokacin kullen korona, da 'yan sanda suka fito da ma'aikata fiye da 100 daga wata masana'antar shinkafa a Kano, bayan sun shafe watanni ba a barinsu fita. Inda tsoron rasa aiki zai iya tsare mutum a cikin katanga, hana shi cike takardar diyya ƙaramin abu ne.

Me maigida ke tsoro, tunda ba shi zai biya ba?

Nan ne tambayar take. Idan asusu ne ke biya, kamfanin da ya yi rajista kuma yake zubi ba shi da wata babbar asara don ma'aikacinsa ya nemi diyya. Hasali ma nauyi aka sauke masa. Saboda haka tsananin barazana yakan nuna cewa akwai abin da ake ɓoyewa.

Mafi yawa, kamfanin bai yi rajista ba, ko ya yi ya daina zubi, ko ya rubuta ma'aikata 40 alhali 300 ke shiga kullum. Rahoton rauni guda zai tona wannan, ya jawo bashin baya da tara. Wani kuma tsoron masu duba masana'antu na Ma'aikatar Ƙwadago yake yi, kada su zo su ga inji babu kariya da ƙofar gudu a garƙame. Dokar ta kuma bai wa hukuma damar ƙara wa kamfani kuɗin zubi gwargwadon haɗarin aikinsa da tarihin haɗurransa. Ga kuma tsoron kada a buɗe ƙofa: in an biya wannan, gobe goma za su taso.

Daga nan aka samu dabarar ɗaukar leburori ta hannun ɗan kwangila, don in abu ya faru a ce ba ma'aikacinmu ba ne. Dokar ta hango wannan, ta ɗora nauyin zubin a kan mai wurin da ɗan kwangilar gaba ɗaya. Amma a aikace, leburan da ba shi da takarda ko ɗaya yakan sha wuya kafin ya nuna wa ke biyansa.

Inda kariya take da ƙarfi, da inda take da rauni

Haƙƙin neman diyya yana da katanga mai kauri. Kujerar aikin ce ba ta da irin wannan katanga, kuma bai kamata a ɓoye wa ma'aikaci haka ba. Tsohuwar ƙa'idar da aka gada daga Ingila ta ce maigida na iya sallamar ma'aikaci da dalili ko babu, muddin ya ba da sanarwa. A dokar ƙwadago sanarwar nan kwana ɗaya ce ga wanda bai wuce wata uku ba, mako guda ga wanda bai kai shekara biyu ba, mako biyu zuwa shekara biyar, wata guda daga nan zuwa sama.

Gyaran tsarin mulki na uku, na 2010, ya sauya lissafin. Sashe na 254C ya bai wa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon sauraron duk rigimar aiki, har da zaluncin da ake yi wa ma'aikaci, ya kuma ba ta damar duba kyakkyawan tsarin da duniya ke bi. Da wannan ne kotun ta riƙa jingina da yarjejeniya mai lamba 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1982, wadda ta ce shigar da ƙorafi kan maigida ko rashin zuwa aiki na ɗan lokaci saboda rauni ba hujjar kora ba ne. Najeriya ba ta rattaba hannu a wannan yarjejeniya ba, Nijar da Kamaru kuwa sun yi tun shekarun 1980. Sai dai ko ma'aikacin kamfani ya yi nasara, abin da ya fi samu kuɗi ne, ba mayar da shi bakin aiki ba, kuma shari'a kan ɗauki shekaru.

Akwai wani zaɓi da ke bukatar shawarar lauya tun da wuri. Asalin tsarin shi ne diyyar asusu tana maye gurbin ƙarar maigida, ba a cin biyu. Amma inda kamfani bai yi rajista ba, da'awa a hukuma kan gamu da cikas, shi ya sa ma'aikata da dama ke zuwa kotu da ƙarar sakaci, kuma kotun ta sha yanke musu diyya.

Ra'ayoyi sun bambanta

Masu kamfanoni suna da tasu hujjar. Suna zuba kashi 10 cikin 100 na fansho, suna sayen inshorar rai ta ninkin albashin shekara sau uku kamar yadda dokar fansho ta 2014 ta ce, ga haraji iri-iri, ga dizal. Suna kuma cewa sukan biya asibiti nan take daga aljihu, alhali takardun hukuma na ɗaukar lokaci. Wasu na ƙorafin da'awar ƙarya, mutum ya faɗi a babur ranar hutu ya ce a wurin aiki ne. Wannan na faruwa, amma maganinsa binciken likita da na hukuma, ba tsoratar da kowa da kowa ba.

Ita ma hukumar ba ta tsira daga zargi ba. A 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya dakatar da shugabanninta kan zargin almundahana, a 2022 kuma jaridu suka cika da labarin cewa an shaida wa wani kwamitin Majalisar Dattawa wai gara ta cinye takardun kashe kusan naira biliyan 17. Irin wannan labari kyauta ce ga maigidan da ba ya son zubi, yana kuma sa lebura ya ce ko ya je ba abin da zai samu. Ƙungiyoyin ƙwadago, NLC da TUC, sun fi ɗora alhakin a kan yawaitar aikin wucin gadi da ƙarancin masu duba masana'antu.

Sai ra'ayin da ya fi zama a zukatan jama'a, cewa neman diyya kamar ƙin karɓar ƙaddara ne, ko butulci ga wanda ya ba ka abinci. Yafiya abu ne mai kyau idan daga zuciya ta fito. Amma shari'ar Musulunci da kanta ta wajabta diyya a kisan kuskure, inda babu ganganci ko kaɗan, ta kuma raba nauyinta a kan dangin wanda ya yi kuskuren, abin da malaman fiƙihu ke kira aƙila, don kada ya faɗa kan mutum ɗaya. Wanda ya dubi asusun da kamfanoni ke tarawa zai ga kamanni. Abin lura kuma shi ne, wa'azin haƙuri a irin wannan hali yawanci daga bakin wanda zai amfana da shirun yake fitowa. Idan rasuwa ce ma, haƙƙin na marayu ne, ba na kawun da aka kira ofis ya ce an yafe ba.

Abin da shiru ke haifarwa, da abin da ke hannun ma'aikaci

Raunin da ba a kai rahotonsa ba, a takarda bai faru ba. Injin da ya ci yatsun wani yana nan yadda yake, yana jiran na gaba. Alƙaluman da gwamnati ke tsara manufa da su sukan fito ƙasa da gaskiya. Nauyin naƙasasshen kuma ya koma kan matarsa da 'yan'uwa, wani lokaci yara su bar makaranta. Kamfanin da ke bin doka shi ma ya cutu, tunda maƙwabcinsa da ba ya zubi yana sayar da kaya da araha.

Abin da ke raba da'awar da ta yi nasara da wadda ta mutu, galibi, shaidar makon farko ce. Sanarwar da aka bai wa maigida ta zama a rubuce, ko da saƙon waya ne, ɗauke da rana da lokaci da wuri da yadda abin ya faru, a kuma ajiye kwafi. A gaya wa likita ƙarara cewa a wurin aiki ne, don ya shiga katin asibiti. Wanda aka lallaɓa ya ce a gida ya ji ciwo ya rusa da'awarsa da bakinsa, haka wanda aka tsayar a kemis aka hana shi asibiti. Hoton rauni da na inji, rasit na magani, saƙon banki na shigar albashi, sunayen waɗanda ke wurin, duk suna tsayawa a madadin takardar ɗaukar aikin da ba a bayar ba, duk da cewa dokar ƙwadago ta ce a bayar cikin wata uku. Wanda kwana 14 suka wuce masa yana kwance bai yi asara ba tukuna, domin hukuma na iya karɓar da'awar idan maigida ya riga ya san da haɗarin, ko idan adalci ya bukaci haka.

Idan kamfani ya ƙi kai rahoto, ma'aikaci ko iyalinsa na iya zuwa ofishin NSITF da kansu, ko ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiharsu. Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a tana sauraron ƙorafi kyauta, Hukumar Ba da Agajin Shari'a tana samar da lauya ga marar hali, Kotun Ma'aikata kuma tana da rassa a Kano da Kaduna da wasu biranen Arewa. Duk barazanar da aka yi da baki, a rubuta ranarta da kalmominta da wanda ya ji. Wadda aka turo ta waya kuwa, kada a goge.